Inuwa Ma Tana Fure: Shawarwari 12 Don Ƙawata Tsakar Gida Daga Damina Zuwa Bazara

A gidajenmu da yawa akwai lungun da aka sallama. Ko gindin darbejiya ne, ko bayan ɗaki inda katanga ta tare rana, ko ƙarƙashin rumfa. Nan ake jingine tsohon turmi, nan ake tara robobin da suka fashe. In an tambayi uwargida abin da ya hana ta shuka wani abu a wurin, amsar ɗaya ce: "Ai ba ya samun rana, ba abin da zai fito." Ni ma na daɗe ina faɗin haka a gidana da ke Kano, har sai da na gwada na ga akasi.

A ƙasa irin tamu, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, inuwa dukiya ce. Tsirrai da yawa da rana ke babbakewa a fili, a inuwa suke samun rai. Kuma a inuwar nan muke shimfiɗa tabarma, muke tsince shinkafa, muke karɓar baƙi, don haka ita ta fi cancanta a ƙawata. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne babu furen da zai riƙe muku launi shekara cur shi kaɗai. Aikin karɓa-karɓa ne: na damina ya sauka, na hunturu ya hau, na bazara ya karɓa. Ga yadda za ku tsara shi.

1. Ku fara da karanta inuwar gidanku

Inuwa suna ta tara. Akwai mai ratsi-ratsi, irin ta ƙarƙashin darbejiya ko zogale, wadda haske ke ɗiga ta tsakanin ganye. Akwai rabin inuwa, wato wurin da ke samun ranar safe na awa 3 ko 4 sannan ya lulluɓe, kamar jikin katangar da ke kallon gabas. Akwai kuma inuwa mai duhu, irin ta gindin mangwaro ko ceɗiya, ko siririn lungu tsakanin ɗaki da katanga. Furanni sun fi son biyun farko. Ta ukun sai masu ganye.

Ku ware yini guda, ku leƙa wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, ku zana iyakar inuwar da gawayi. Ranar safe magani ce ga tsiro, ranar yamma da ke bugowa daga yamma kuwa wuta ce. Sannan ku tuna inuwa tana ƙaura. A Kano, cikin Disamba rana kan karkata kudu, har katanga mai tsawon mita 2 ta jefa inuwar kusan mita ɗaya da rabi a gefenta na arewa da tsakar rana. Amma a ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta rana kan tsaya tsak bisa kai, inuwar katangar ta shige gindinta. Wurin da ya rufa wa tukunya asiri da hunturu, shi zai ƙone ta da bazara in ba a gusa da ita ba.

2. Kada ku yi kokawa da saiwar bishiya

Kuskuren da na fara yi ke nan. Na haƙa gindin darbejiya, na zuba taki, na dasa furanni, ina ba su ruwa safe da yamma, amma kullum sai ƙanƙancewa suke. Ranar da na tone ƙasar, sai na tarar da ƙananan saiwoyi sun saƙe ta kamar raga. Ashe bishiyar nake shayarwa. Darbejiya daga yankin Indiya ta fito, a Borno aka fara dasa ta a Nijeriya a 1928, kuma abin da ya sa ta karɓu shi ne juriyar fari. Wannan juriya kuwa daga saiwarta take, wadda ba ta barin ɗigon ruwa ya wuce ta.

Mafita ita ce tukwane. Ku ɗora su kan bulo ko dutse, kada su zauna kan ƙasa kai tsaye, domin saiwar bishiya na bin laima ta shigo ta ramin gindi. Duk wata ku ɗaga tukunya ku duba. Kada kuma ku tula ƙasa a jikin kututture don yin fage, yana ruɓar da ɓawon. In inuwar ta yi kauri, a rage ƙananan rassa kafin faɗuwar damina domin haske ya riƙa shigowa ta gefe.

3. Ku haɗa ƙasa mai numfashi

Ƙasar inuwa ba ta bushewa da wuri, saboda haka wadda ke riƙe ruwa kamar laka kashe tsiro take yi. Ku haɗa kwano 2 na baƙar ƙasa, kwano 1 na yashi, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki. In da ɓuntun shinkafa, a watsa kaɗan. Ku jiƙa haɗin, ku dunƙula a hannu: in ya dunƙule amma ya wargaje da an taɓa shi da yatsa, ya yi. In ya zama kamar ƙwallon fura, a ƙara yashi.

Takin da ya ruɓe ba ya wari, ba ya zafi, kuma ya koma baƙi. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Ganyen da kuke sharewa kullum kuna ƙonawa, ku riƙa zuba shi a ɗan rami kuna yayyafa ruwa, cikin 'yan watanni zai zama irin ƙasar da tsirran inuwa suka saba da ita a daji. Kowace tukunya a huda gindinta, a ɗora tsingaro kan ramin. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

4. Ganye ɗan gida ne, fure baƙo ne

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace muhimmanci. Fure kan zo ya yi mako biyu ko wata ya tafi, ganye kuwa yana nan. In kun gina lambun kan ganye masu launi, ba ranar da za ku leƙa ku ga wurin fayau.

Na farko shi ne koliyas, mai ganye kamar na ɗoɗɗoya amma da zane irin na atamfa: ja, rawaya, shunayya da kore a ganye guda. Ba shi da wuyar yaɗuwa. Ku yanko reshe mai tsawon yatsa, ku cire ganyen ƙasa, ku tsoma a kofin ruwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fid da fararen saiwoyi. Ku riƙa tsinke kansa da ɗan furen da yake fitarwa, sai ya yi jiki ya cika tukunya. Na biyu kaladiyum, ɗan uwan gwaza ne daga Kudancin Amurka, mai ganye kamar zuciya da jan jijiya ko farin yayyafi. Kuroton yana da ganye mai kauri, rawaya da ja, amma shi sai rabin inuwa. In duhu ya yi yawa launin kan koma kore. A lungu mafi duhu kuwa ku sa moda, mai ganye tsaye kamar takobi, wadda ko an manta da ita mako biyu ba ta fushi. Kada ku raina na kicin: citta, gwaza da na'a-na'a duk suna son inuwa. A gidan kakata, gindin randa ne mazaunin na'a-na'a, ruwan da ke tsatsowa kaɗai ya ishe ta.

5. Farkon damina na masu albasa ne

Da ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi, tsirran da suka kwana a ƙasa duk rani su ke fara gaisuwa. Da yawansu 'yan ƙasa ne, ba sai an je nesa ba. Albasar kwaɗi na fitar da manyan furanni farare masu jan ratsi. Takalmin zomo na shimfiɗa ganye huɗu a ƙasa kamar faifai, fure rawaya ya fito a tsakiya. Shi ne furen ƙasa na Nijeriya, wanda ke ƙarƙashin dawakan tambarin ƙasa, ko da yake a can ja aka zana shi. A daji ma gindin itatuwa yake zaɓa. Gatarin kurege kuwa mai hawa ne, furensa ja da rawaya ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta. Gindinsa na son inuwa, kansa na neman haske, don haka a kafa masa kara ko waya. Wurin masu sayar da fulawa akwai wata ƙaramar albasa mai ganye kamar ciyawa, wadda ke buɗe fure fari ko ruwan hoda kwanaki kaɗan bayan an yi ruwa mai ƙarfi. A jera ta a bakin fage inda ranar safe ke taɓawa.

Ku binne su tun watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. Kuma ina roƙo, kada a shiga daji a tone su kaf. Guda biyu daga gidan maƙwabciya sun isa, domin kowace shekara suna 'ya'ya.

6. Tsakiyar damina zuwa kaka na masu iri ne

A watan Yuni ku yafa irin balsam, mai kara mai ruwa-ruwa da furanni a jikin kara, ja, fari ko ruwan hoda. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi fure. In kwanson irinsa ya nuna, da an taɓa sai ya fashe ya watsar da 'ya'ya, abin da yara ke so ƙwarai. Baɗi da kansa zai fito. Akwai kuma furen da ba ya buɗewa sai da la'asar, ya kwana yana ƙamshi, daidai lokacin da iyali ke zaman tsakar gida. Wata mai ganye mai sheƙi da fure mai kunne biyar, fari ko ruwan hoda, wadda asalinta daga Madagaska ne, ta fi duka juriya, tana yi a rabin inuwa kusan duk shekara. Ikzora mai curin jajayen furanni ma tana yi, sai dai ba ta shiri da toka.

Haɗarin wannan lokaci ruwa ne. Agusta ya fi kowane wata ruwa a arewa, kuma a nan ne saiwa ke ruɓewa. Ku janye tukwane daga bakin indararo, ku ba su tazara iska ta ratsa, ku riƙa tsince furen da ya yi yaushi domin sabo ya fito. Da kaka ku tara iri a takarda, ba a leda ba, ku rubuta launinsa.

7. Hunturu na da nasa launin

Mutane na zaton da iskar hunturu ta kaɗa an gama da fure sai baɗi. Ba haka ba ne. Akwai tsirran da ba sa fure sai dare ya yi tsawo. Kalanko, mai ganye mai kauri da ƙananan furanni a cure, ja, rawaya ko ruwan goro, yana cikinsu, kuma furensa na daɗewa makonni. Haka fonsetiya, wadda ganyen samanta ke rinewa ja wur a Disamba. Dukansu biyun suna son ranar safe, kuma suna buƙatar duhun dare marar yankewa na kusan mako 6 kafin su nuna launi. In kun ajiye su ƙarƙashin ƙwan sola da ke kwana a kunne, za su yi ta ganye kore ba fure. Zabuwa, wato alobera ta gida mai ɗigo-ɗigo, ita ma da rani take miƙa dogon kara mai fure ruwan goro.

Babban aikin hunturu wanke ganye ne. Ƙura na toshe hasken da dama kaɗan ne a inuwa, kuma tana gayyato wasu ƙwari ƙanana ƙwarai da ke saƙa yana a bayan ganye. Sau biyu a mako ku feshe ganye da ruwa, sama da ƙasa, da hantsi. Manyan ganyaye a goge su da jiƙaƙƙen tsumma.

8. Da bazara a tsare rai, kuma kada a zubar da mai barci

Ban da binne masu albasa, daga Maris zuwa Mayu ba lokacin dashe ba ne, ba kuma na zuba taki ba. Ku tattara tukwane wuri guda a inuwa mafi sanyi, domin in suna kusa da juna laimarsu na taimakon juna. Ku rufe saman ƙasar da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, ku nisanta su da katangar siminti da ke shan ranar yamma, wadda kan kwana tana huci. Furen wannan lokaci shi ne amarilis, mai babbar albasa da fure kamar bakin kakaki. A hana ta ruwa kamar wata biyu da hunturu, sannan a koma ba ta, sai ta turo kara ta buɗe a tsakiyar zafi.

Wata shekara, da kaladiyum ɗina ya zubar da ganye ƙarƙaf, na ɗauki tukunyar zan juye a bola. Wani dattijo da ke kawo mana taki ya tare ni: "Hajiya, dakata, wannan ba mutuwa ta yi ba, barci take." Ya sa yatsa ya tono wani ɗan curi mai tauri kamar goro ya nuna mini. Na ajiye tukunyar a bayan ɗaki ba ruwa. Da damina ta faɗi, sai ga ganye a naɗe kamar tsinke ya huda ƙasa, kwana uku ya buɗe ja jawur. Tun daga ranar nake ɗaura ƙyalle a tukunyar duk mai barci, don kada a shayar da ita ta ruɓe ko a zubar.

9. Ruwa da awo

A inuwa, yawan ruwa ya fi ƙarancinsa kisa. Kafin ku zuba, ku tsoma yatsa zuwa gaɓa ta biyu: in da laima, a bari sai gobe. In za a ba da, a ba da sosai har ya ɗigo ta gindi, da sassafe ko bayan la'asar. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa da kayan miya, duk suna da amfani; ku sa bokiti a wurin alwala ku ga yawan abin da ke tafiya a banza. Amma ruwan omo, da na bilic, da mai gishiri ko maiƙo, a kai su kwata. In kun ga farin ɓawo a saman ƙasa, gishirin ruwa ne ya taru: a kankare shi, a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya. Ga mai fage a ƙasa, ku binne ƙaramin tulu zuwa wuya, ku cika shi ku rufe, zai riƙa tsatsa wa saiwa a hankali.

Kada a bar ruwa ya kwanta a faranti ƙarƙashin tukunya. Da zafi, mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishi ƙwan sauro ya zama sauro. Kofin da kuka tsoma reshe ma a canza ruwansa duk bayan kwana 2.

10. Ƙwari, kaji da awaki

Duk mako ku juya ganye ku duba bayansa. In kun ga wani fari-fari kamar auduga, ko darɓa ta taru a toho, maganin na bisa kanku. Ku daka 'ya'yan darbejiya busassu cikin tafin hannu, ku jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, ku tace, ku ɗiga ɗan ruwan sabulu, ku fesa da yamma. A maimaita bayan mako. Da damina a riƙa tsince dodon koɗi da dare. Gara kuwa ɗora tukunya kan bulo na rage ta. Kaji na son tona ƙasa mai laima, sai a jera tsakuwa a saman tukunya. Akuya ba ta da magani sai shinge ko ƙofa a rufe.

11. Ku san masu guba

Kyau ba ya hana cuta, kuma gidajenmu cike suke da yara. Kaladiyum, da wata mai faɗin ganye kore da farin zane da ake kira difenbakiya, in an tauna su baki da maƙogwaro kan yi zafi su kumbura. Gatarin kurege guba ne mai kisa, musamman saiwarsa da ke kama da ƙaramar doya. Albasar kwaɗi da amarilis sun yi kama da albasar miya, don haka kada a taɓa ajiye su kusa da madafa. Baƙin irin furen la'asar kamar masoro yake, shi ma ba a ci. Gidan da ke da mai rarrafe, a ɗaga waɗannan sama ko a haƙura da su tukuna. In yaro ya ci, kada a tsaya dabarun gida, a garzaya asibiti tare da guntun abin da ya ci.

12. Ku saya da lura, ku jera da tsari

Wurin mai fulawa, ku duba inda ya ajiye tsiron. Wanda ke ƙarƙashin rumfarsa shi ne na inuwa. Wardi, bogenbiliya da kariya 'yan rana ne, in an kai su inuwa sai ganye ba fure. Ku zaɓi gajere mai toho a kan dogo mai cike da fure. Wanda aka kawo daga wuri mai sanyi irin Jos, a ba shi mako biyu a inuwa sosai ya saba da iskar garinku kafin a sauya masa tukunya.

Wajen jerawa, dogaye a baya, gajeru a gaba. Fari, rawaya da ruwan hoda su tafi lungu mafi duhu, domin su ke haskawa har bayan magariba. Ja mai duhu da shunayya kuwa ɓacewa suke a duhu, a sa su bakin haske. Tukunya uku masu launi ɗaya a wuri guda sun fi goma 'yan kowa-da-nasa ɗaukar ido. In an shafa wa katangar farar ƙasa ko farin fenti, hasken wurin zai ƙaru, launuka su fito. Wanda ke kan ganiyarsa a matso da shi gaba, wanda ya sauka a mayar da shi baya ya huta.

Ba sai kun kashe kuɗi mai yawa ba. Tukunya biyar sun isa farawa: koliyas biyu, moda ɗaya, albasar kwaɗi ɗaya, kalanko ɗaya. Da waɗannan kaɗai kuna da ganye duk shekara, da furen damina, da na hunturu. Sauran za su zo ta hannun maƙwabta, domin reshen da kuka yanka wa wani ba ya rage muku komai, ƙara wa uwar toho yake yi. Uwargida, maigida, yau ɗin nan ku kawar da tsohon turmin nan, ku share gindin bishiyar, ku ɗauki gawayi ku zana inuwarku. Sannu ba ta hana zuwa, kuma in Allah ya kai mu damina, lungun da kuka sallama shi zai zama wurin da kowa ke son shimfiɗa tabarma.